Manhajar da ta haddace gaisuwa

Jikata tana karatun aikin jinya, da yamma kuma tana taya wani mai kemis a Gwarzo. Da jarrabawarta ta matso sai ta dawo wurina Kutama, wai gidana ya fi shiru. Na share mata ɗaki.

Ni ban taɓa zama a aji ba, amma na san mai karatu idan na gan shi. Wannan ba karatu take ba. Zaɓe take yi. Abin da ake rubuta darasi a cikin waya, manhaja suke ce masa, shi ta rasa wanda za ta riƙe. Ta fari ba ta buɗuwa sai da sabis, mu kuwa sabis ɗinmu sai an je gindin ɗorawa. Ta biyu ta haɗe mata sunayen magungunan kemis da darasin makaranta. Kullum tana kwashe rubutu daga wannan zuwa waccan.

Na ce, "Hatsin da ake ta juyewa daga buhu zuwa buhu, kaji ne ke ƙiba."

Ta ce, "Inna, ke dai ba ki gane ba."

Sai ta samo mai ɗaukar murya, kana faɗa tana rubutawa. Ta zauna a tsakar gida tana karanto mata darasi. To a gidana ba a shigowa yarinya tana zaune ba ta durƙusa ta gaida mutane ba. Maƙwabciya ta shigo aron rariya, aka yi ina kwana, ina gajiya, ya yara, ya mai jiki. Da jikata ta duba, duk an rubuta mata a tsakiyar darasin hawan jini, har da rariyar.

Ta ce za ta shige ɗaki ta kulle. Na ce ba a gidana ba. Daga baya na ja tabarma bakin ƙofarta, ni da furfurata ina amsa gaisuwa a madadinta, ina ba mutane haƙuri. Na leƙa in ga karatun da na saya mata da mutuncina, na tarar tana gwada wata sabuwa.

Da aka yi jarrabawar ta faɗi a darasi ɗaya, aka ce sai ta sake zama. Da ta zo tana share hawaye ban lallashe ta ba. Na ce ta nuna mini su duka a fuskar wayar. Na ɗora yatsa a kan wata koriya, ban san ko wacce ce ba.

"Wannan. Ki goge sauran ina kallo."

"Inna, ita ce mai son sabis."

"Ɗorawar ba ta ƙaura ba. Ɗauki tabarma."