Ɗinkin Tankin Fagam

Shekarar da na gama jami'a aka tura ni sashen ruwa a Birnin Kudu, lokacin muna Jihar Kano. Kuɗin mai ya fara shigowa, kayan aiki sai daga waje. Aikina na farko shi ne kafa tanki a wata rijiyar burtsatse a Fagam. Tankin ba na ƙarfe ba ne. Wani zare ne mai kama da gashi aka cakuɗa da roba ya daskare, mutum huɗu ma sa ɗaga shi. Wajen saukewa daga mota ya bugi dutse, gefensa ya tsage.

Gam ɗin da aka haɗo mana ya bushe a gwangwani. Na rubuta takarda Kano, aka ce in jira, ƙila wata uku. Ga bazara, rafi ya ƙafe, mata na dogon zango da tulu. In na taɓa tankin ya ƙara lalacewa, laifina ne. In na bar shi, babu ruwa.

Kwana biyu ina zagaya shi da littafi a hannu. Wata tsohuwa mai ɗinkin ƙwarya, wadda ke zama a gindin tsamiya kusa da wurin, ta gaji da kallona.

"Ɗan nan, karatun ne zai toshe shi?"

"Inna, ina dai nazari."

"Tsagar nan tafiya take, jiya ba ta kai nan ba. Huda mata gaba ta tsaya, sannan ka ɗinke."

Na ce ai wannan ba ƙwarya ba ce.

"Ruwa zai ɗauka ko ba ruwa ba?"

Na tuna an koya mana huda ƙarshen tsaga a jikin ƙarfe. Ko ya dace da irin wannan, ban sani ba, har yau ma ba zan rantse ba. Na huda. Da na jera alamun ɗinki a layi ɗaya da rula, sai ta goge su da gefen zaninta.

"Haka zai yage kamar takarda. Ɗaya kusa da tsagar, ɗaya nesa."

Na shimfiɗa robar tiyub ɗin taya ta cikin tankin, na ɗora faci da na yanko daga murfinsa, na bi da wayar jan ƙarfe. Ina matsewa tana cewa, "Sassauta, Malam, ba akuya kake ɗaurewa ba."

Bayan la'asar muka tayar da inji. Ruwa ya hau har ya wuce ɗinkin. Wurin ya yi gumi, ɗigo biyu, uku, sannan nauyin ruwan ya danne robar, ya ɗauke.

A rahotona na rubuta cewa gyaran na wucin gadi ne, na ja layi biyu a ƙasa. Har aka canza mini wurin aiki, duk ranar kasuwa sai na je na shafa wurin, in ji shi a bushe. Ba na cewa haka za a yi wa kowane tanki. Amma wannan dai da hannuna na ɗinke shi, mutanen Fagam kuma sun sha ruwa a bazarar nan.