Mama Tabita, Wadda Ta Tsaya wa Busasshen Idona

Ina gaban allo ina rubuta wa 'yan aji huɗu lissafi, sai na hangi Hedimasta tsaye a bakin ƙofa, hularsa a hannu. Bai shigo ba, yafito ni ya yi. Ya ce direban motar Samaru Kataf ya kawo saƙo cewa surukata, Mama Tabita, ta rasu da safe, kuma za a yi jana'iza washegari a ƙauye. Kwana goma ke nan da ta bar gidana a Kafanchan, ta ce za ta je ta duba gonarta ta acca ta dawo.

Zan faɗi gaskiya ko da za a ga baƙina. Abin da ya fara shigata tsoro ne. Baƙin cikin ya biyo baya, kuma har yau bai sake ni ba. Amma a wannan lokacin 'ya'yana biyu na tuna, na kuma tuna cewa gobe zan tsaya a gaban dangin mijina babu ɗigon hawaye a fuskata, alhali wadda take amsa musu a madadina ita ce za a sa a ƙasa.

Waɗanda ba su san ni ba za su yi mamakin wannan magana, don haka bari in fayyace. Idona ba ya yin hawaye. Abin ya fara ne bayan na haifi 'yata ta biyu. Kullum sai in ji kamar an zuba mini yashi a ido, ga zafi, ga ja. Da safe fatar idon takan manne, sai na sa yatsa na buɗe. Bakina ma ya bushe, tuwo ba ya wucewa sai da ruwa. Babu abin da ban sa ba: kwalli, ruwan sukari, nonon mai jego, ruwan wani ganye da wata tsohuwa ta matse mini. Kowanne ƙara mini azaba ya yi. Na ɗauka makancewa zan yi, na kuma ji tsoron a sallame ni daga koyarwa, saboda haka na ɓoye wa kowa. Mijina Yakubu kaɗai ya sani.

Yakubu kafinta ne. A shekarar da aka canja kuɗi zuwa naira ciwon ciki ya kama shi, kwana uku ya rasu. Aka kai gawarsa ƙauyensu, aka shimfiɗa mini tabarma a tsakiyar mata kamar yadda ake yi wa matar mamaci. Na yi kururuwa har muryata ta dushe, na yi birgima a ƙasa, amma fuskata a bushe. Asabe, matar yayansa Danladi, ita ce ta fara nuna ni da yatsa. Ta ce, "Jama'a, ku dubi fuskarta! Ko ɗigo babu!" Kafin rana ta faɗi na ji kalmar da nake tsoro tana yawo a bayan ɗakuna: mayya. Ni baƙuwa ce a wurinsu, 'yar Kagoma, yarenmu ba ɗaya ba, da Hausa muke magana da su. Miji ya mutu farat ɗaya, mata ba ta yi hawaye ba. A wurinsu magana ta ƙare. Danladi ya ce yaran ba za su koma Kafanchan da matar da ta cinye ubansu ba.

Kwana uku Mama ba ta ce uffan ba. Tana zaune kusa da ni, ba ta dube ni ba, ba ta kuma matsa ba. Na tabbata ita ma ta yarda da su. A rana ta huɗu dangi suka taru a ɗakinta don a yanke maganar yara, sai ta shigo da faranti cike da albasa da wuƙa, ta ce a rufe ƙofa. Ta zauna a tsakiya tana yankawa ƙanana-ƙanana, ba ta kula kowa ba. Ba a jima ba ɗakin ya ɗauka. Maza suna jan hanci, mata suna goge ido da bakin zane, Danladi kuwa hawaye har gemu. Sai ta tura farantin ƙarƙashin fuskata ta ce in buɗe ido. Wayyo, ban taɓa jin zafi irin wannan ba. Idon ya yi jajir, na yi ƙara, amma babu abin da ya zubo.

Wani dattijo ya ce, "Kun gani ko? Ai dama irinsu ba sa hawaye." Na ce a raina shi ke nan, Mama ta gama da ni.

Ta ajiye wuƙar ta dubi ɗanta. Ta ce, "Danladi, wa ya mutu maka a cikin farantin nan da kake kuka haka? Albasa ba ta san Yakubu ba. Idon da ya ƙi albasa ciwo gare shi. Tun bara na lura da ita a bakin murhuna, ɗanyen itace yana hayaƙi, kowa na hawaye, ita sai murza ido take yi. Ni na haifi Yakubu, babu wanda ya kai ni asara a ɗakin nan. Muddin ina numfashi, yaran nan suna wurin uwarsu."

Danladi ya goge fuska, ya miƙe. A bakin ƙofa ya juyo ya ce, "To, Mama. Muddin kina numfashi." Shekara biyar ke nan, kuma babu ranar da ban ji wannan maganar a kunnena ba. Ko tari Mama ta yi sai gabana ya faɗi.

Ba ta tsaya a nan ba. Bayan an tashi makoki ta ce a kai ni wurin masu sanin ido. Matar da ba ta taɓa shiga jirgin ƙasa ba ta ɗaura ɗan kwalinta, muka hau daga Kafanchan har Kano, tana riƙe da hannuna kamar ni ce tsohuwar. A asibitin ido likita ya saƙala wata 'yar siririyar takarda a bakin fatar idona, ya ce in rufe ido na 'yan mintoci. Da ya cire, da ƙyar bakinta ya jiƙe. Ya yi bayani, wata nas tana fassara wa Mama. Ya ce ido yana bukatar danshi kowane lokaci, ba sai ana kuka ba, kuma abin da ke samar da ruwan a jikina ne ya yi rauni, shi ya sa bakin ma ya bushe. Ya ce ba a warkewa, amma ana zama da shi, kuma ba zan makance ba idan na kula. Ya ba ni maganin ɗigawa sau da yawa a rana, da man shafawa a ido kafin barci. Ya ce in riƙa gasa idon da tsumma mai ɗumi, in guji hayaƙi da iska, in daina kwalli da duk wani haɗin gida, in kuma dawo da sauri idan gani ya dushe ko zafin ya canja.

Mama ta saurara har ya gama, sannan ta ɗaga yatsa ɗaya. Ta ce, "Likita, tambaya ɗaya gare ni. Wannan ciwon yana kashe miji?" Nas ɗin ta danne dariya, likita ya ce a'a. Mama ta ce, "To, rubuta." Ba ta iya karatu ba, amma ta tsaya a kansa har ya rubuta. Ranar Lahadi ta kai wa Fasto takardar a ƙauye, ta sa ya karanta a gaban ikkilisiya bayan sujada.

Daga nan ta kwaso 'yan kayanta ta tare a gidana. Ranar da ta zo ta fitar da murhu waje, ta kafa shi inda iska ke kwashe hayaƙin, ta ce daga yau ni da wutar itace mun rabu. Kowace safiya kafin in tafi makaranta takan ɗumama ruwa, ta gwada a bayan hannunta, ta ɗora mini tsumma a ido. Ita ce mai ɗiga mini magani idan ina gida, domin ni matsoraciya ce, da na ga bakin kwalba ya nufo ni sai hannuna ya kama rawa, rabin maganin ya tafi a kumatu. Ita ta ba ni dabarar jiƙa tsumman goge allo don kada garin alli ya tashi. Lokacin bazara takan ajiye kwanon ruwa a ɗaki, ta rataya jiƙaƙƙen zane a taga. Da aka buɗe makarantun firamare kyauta, aji ya cika maƙil, littattafan dubawa suka yi mini yawa, sai ta zauna a gefena tana ɓarar gyaɗa tana kallon fuskata. In na ƙura ido ya daɗe sai ta buga tabarma ta ce, "Malama, ƙifta ido, littafin ba zai gudu ba." Idan magani ya yanke a kemis, tashar jirgi take zuwa ta tsare ma'aikata da magiya har ta sami mai sayo mana daga Kaduna.

Kada a ɗauka mace ce mai sanyin hali. Bakin Mama akwai kaifi, kuma ni ma na sha. Wata Kirsimeti na ga matan zumuntar coci sun yi kwalliya, sai na sayo kwalli a ɓoye. Ta gano shi a ƙarƙashin katifa, ta jefa a masai a gabana, ta ce, "Kyau kike so ko gani? Zaɓi ɗaya." Na yi fushi da ita kwana biyu. A duk kwana biyun nan ba ta fasa kawo tsumman ɗumi ba, sai dai ta ɗora shi da ƙarfi. Takan kuma ce wa masu zuwa yi mini jaje, "Ku daina ce mata sannu kamar gawa. Ku matsar da tabarku waje, ya fi sannu."

Ranar jana'izarta na isa ƙauye da yarana, kwalbar magani a ƙulle a bakin zanena. Mata suna kuka, kuma ina ganin yadda idanu ke zamewa daga akwatin gawar suna dawowa kan fuskata. Na riƙe hannun yaran da ƙarfi har ƙaramar ta ce ina ji mata ciwo. Rana ta take, iska tana kaɗawa, idona ya fara ci kamar wuta, lokacin magani ya wuce. Sai wani tunani ya zo mini. Idan na zagaya bayan rumbu na ɗiga da yawa, zan dawo da jiƙaƙƙen kumatu, kowa ya ce yau dai ta yi kuka. Har na ɗaga ƙafa. Sai na ga inda abin zai kai ni. Za su ce ashe tana iya hawaye, ta yi wa uwar ta hana ɗan. Da hannuna zan mai da Mama maƙaryaciya tun ba a rufe kabarinta ba.

Na tsaya inda nake, a gaban kowa, na kwance bakin zane na ɗaga kai. Ɗigo na farko ya faɗi a goshi, na biyu a ƙasa. Sai na ji an karɓe kwalbar. Asabe ce. Na ɗauka jefarwa za ta yi.

Ta ce, "Ɗaga kai sosai. Dubi sama." Ta ja fatar idona ƙasa da babban yatsa, ta ɗiga ɗaya, ta ɗiga ɗayan, ba ta bari bakin kwalbar ya taɓa ido ba. Ta ce a hankali, "Mama ba acca ta zo dubawa ba. Ta san jikinta. Kwana goma tana sa ni ina gwadawa a idonta da dafaffen ruwa, tana zagina." Ta mayar mini da kwalbar, ta koma cikin mata, ba ta sake dubana ba.

Danladi ya ga komai. Da muka zo shiga mota, sai ya ce dangi za su zauna a kan maganar yara bayan girbi. Ban san abin da ke zuciyarsa ba. Na dawo da yarana Kafanchan, kuma duk motar da ta tsaya a ƙofar makaranta sai na leƙa ta taga in ga wa zai fito. Na rubuta wannan ne don in girmama Mama, amma ba zan ɓoye ba, na rubuta ne kuma don duk wanda zai zauna a wannan taro ya san abin da ta gani da abin da ta faɗa.

Ya Ubangiji, ka karɓi baiwarka Tabita, ka gafarta mata kurakuranta, ka ba ta hutawa ta har abada. Ka ta'azantar da 'ya'yanta da jikokinta da dukan ikkilisiya. Ka sa wa Asabe albarka, ka ƙarfafa ta ta buɗe baki ranar da za a zauna. Ka tausasa zuciyar Danladi, domin shi ma ya rasa ƙane ya rasa uwa. Ni kuma, ya Uba, ka san ina tsoro, ka kuma san yadda nake kukan wannan mata ko da babu wanda zai gani a fuskata. Ka bar mini 'ya'yana. A cikin sunan Yesu, amin.