Ƙotar Bindigar da Na Kai Madina

Daga Kano

Ko assalatu ba a kira ba na shiga ɗakin Inna yin sallama. Na same ta zaune kan buzu. Ta ce, "Garba, kai ɗan sanda ne. In ɗan Sani ne ka faɗa min, in ba shi ba ne ka faɗa min. Kada ka kawo min ƙarya don na tsufa."

Sani yayana ne. Ina yaro ya bi ayari ya tafi Gabas a ƙasa, ba mu ƙara jin ɗuriyarsa ba. Sai bara wani alhaji ya dawo da kaset, muryar wani saurayi mai Hausa a karkace, wai sunansa Hamza ɗan Sani, mahaifinsa ya rasu a Madina. Wai ya ji ƙanen babansa gwanin gasar harbi ne da ƙaramar bindiga, shi ma yana taɓawa, yana neman shawarar rukunin da zai shiga. Inna ta yi ta kuka. Ni kuwa na ce a raina, wa ya gaya masa? Na daɗe a aikin nan, na san mai son cutarka ta wajen abin da kake so yake ɓullo maka.

Bindiga ba ta hawa jirgi, sai na kwance ƙotar tawa, wato mariƙinta, na cusa cikin safa. Icen maɗaci ce, wani kafinta ya sassaƙa min daidai hannuna yana ta mita, wai bai taɓa ganin hannu irin wannan ba: tafi faffaɗa, manuni gajere, gindin babban yatsa a kumbure. Hannun gidanmu ne, marigayi Baba ma da kansa yake sassaƙa ƙotar fartanyarsa don ta kasuwa ba ta zauna masa. Duk abokan harbina ba wanda ƙotar nan take shiga hannunsa. Na ɗauko ta ne don in gwada yaron, in maharbi ne da gaske zai san ko mece ce.

Jidda da hanyar Madina

Da hantsi muka tashi, bayan la'asar muka sauka Jidda. Ma'aikacin kwastan ya zazzage safar, ya juya icen gaba da baya, ya shinshina, ya kira na kusa da shi. Na nuna katin aikina, na ɗaga hannu na kwatanta harbin allo. Suka daɗe suna dubana kafin su mayar min, ni ma ban daina dubansu ba.

Na yi umrata a Makka, sannan na shiga tasi zuwa Madina. Direban Bahaushen Sudan ne, bakinsa ba ya hutawa.

"Ya Hajji, wurin wa za ka a Madina?"

"Wurin Manzon Allah."

"Sallallahu alaihi wasallam. Bayan shi fa?"

"Bayan shi sai gida."

Ya yi dariya, ni ban yi ba. A Badar muka tsaya cin soyayyen kifi da shinkafa, jakata na kan cinyata har na wanke hannu. Dab da gari askarawa suka tsai da mu a shinge, suka duba fasfo suka tabbatar kowa Musulmi ne, muka wuce.

Madina

Bayan na yi ziyara na nemi Unguwar Sih kamar yadda aka kwatanta a kaset. Wani dogon saurayi wankan tarwaɗa cikin farar jallabiya ya taso da gudu, ya sumbaci goshina yana cewa, "Ammi! Ammi! Marhaba!" Ammi shi ne baffa a bakinsu. Na bar shi ya gama, ni dai ina duba fuska, ina duba kunne, ina duba tafiya. Ban ga Sani ba. Gaskiya kuma fuskar Sanin ma ta dushe min.

Aka kawo dabino da gahawa, mahaifiyarsa ta gaishe ni daga bayan labule. Na fara aikina.

"Yaya sunan ƙauyenmu?"

Ya faɗa.

"Sunan kakarka?"

Ya faɗa. Amma duk wannan alhajin kaset zai iya gaya masa. Na nemi hoton babansa, ya ce, "Wallahi Ammi, Abuya ba ya son sura," wato hoto. Washegari ya kai ni Baƙi'a ya nuna min wani gefe ya ce nan aka binne shi. Kaburburan Baƙi'a kuwa ba suna, duwatsu ne kawai a jere. Na yi addu'a, zuciyata na cewa kowa ma zai iya nuna dutse. Abin ya dame ni ƙwarai, don yaron yana da ladabi, kuma na fara son ya zama namu.

Yanbu

Hamza mai gadi ne a wani kamfanin mai a Yanbu, can bakin teku, kuma masu gadin suna da filin harbi. Ya ɗauke ni a motarsa bayan asuba. Ina zaune ina jiran inda zai ce in shigo masa da wani abu daga Najeriya, ko in sa hannu a wata takarda. Har muka hango hayaƙin matatar man bai ce komai ba sai tambayar lafiyar Inna.

Mai kula da ma'ajiya ya jera mana bindigogin gasar a kan tebur. Na ce Hamza ya fara da ta iska, wadda ake koyo da ita a kusa. Harbinsa ya taru wuri ɗaya, amma duk hagu da tsakiya. Na ba shi mai juyi ta babban harsashi, mai taurin kunama. Nan abin ya ƙara lalacewa, hagu kuma ƙasa. Ta saurin harbi, inda alluna biyar suke juyowa tare, na uku ma bai samu ba.

Ya ajiye yana huci. "Kullum haka, Ammi. Mudarrib, mai koyar da mu, ya ce ba ni da ido, in bar harbi in koma bakin ƙofa."

Tsayuwarsa daidai ce, numfashinsa daidai. Na ce, "Idonka lafiya lau. Yatsanka ne ba ya kai wa kunama, kana tura ta gefe. Waɗannan rukunan duk an ƙayyade musu girman ƙota. Naka shi ne na nesa, mai harsashi ɗaya, kunama ba nauyi, kuma an yarda a sassaƙa ƙota ta rungume hannu yadda mutum yake so."

Sai na zaro safar. Yana gani idonsa ya yi haske, ya faɗi sunanta da Larabci. To, maharbi dai ne, wannan na yarda. Ta nesan da ke ma'ajiyarsu ƙirar tawa ce, muka kwance ƙotarta muka ɗaura maɗacin. Na ce, "Riƙe ka ji yadda ake yi. Ba za ta shige ka ba, ba ta shiga kowa."

Ya zura hannu. Ya shige kamar an zuba shi ciki. Gindin babban yatsa ya cika ramin da kafinta ya yi ta mita a kansa, manuni ya kwanta kan kunama daidai gaɓa. Ya ce, "Subhanallah, wa ya auna ni?"

Na kama hannunsa na hagu na ɗora nawa a kai, tafi da tafi. Kwana da kwanaki ina binciken fuska da kunne, ban duba hannu ba. Na zauna a benci hawaye na zuba, ni da ban yi kuka ba ko ranar da aka binne Baba. Ya harba biyar, huɗu suka shiga baƙin tsakiyar allo. Ban ko ƙirga da kyau ba, shi ya gaya min.

Komawa gida

Na baro masa ƙotar. Ya raka ni har Jidda da buhun dabino da zannuwan Inna, wannan karon jakata a bayan mota na jefa ta. Na iso Kano da magariba, na tarar da Inna a kan buzun nan.

"Shi ne?"

"Shi ne, Inna."

"Da me ka gane?"

Na miƙa mata hannuna na ce, "Irin wannan gare shi." Ta kama, ta shafa gindin babban yatsan, ta daɗe tana shafawa. Ta ce, "Haka na Sani yake tun yana goye."

Na gode wa Allah da ya kai ni ya dawo da ni, na gode wa mutanen Sih da suka haƙura da tambayoyina. Kafinta kuwa na koma masa, ya fara mitar hannuna, na ce ya yi a hankali, mu biyu ne yanzu.