Muryar Malam Mas'udu

Malam Mas'udu ne ya kori ƙarya daga ƙaramar hukumar Bungudu. Shi da kansa ya sanar da haka a ɗakin malamai na wata sakandare kusa da Kwatarkwashi, kuma da yake sauran malaman suna cin ƙosai a lokacin, ba wanda ya musa.

An taɓa tura shi bita Gusau, ya dawo da takardar shaida da sabon darasi mai suna tantance labarai. Ƙa'idojinsa ba su da yawa. Wa ya faɗa? A ina? Duk saƙon da ya zo da kuka, ko ya ce a yi sauri, ƙarya ne har sai an tabbatar. Murya ma ba shaida ba ce, tunda yanzu na'ura tana kwaikwayon ta kowa.

A gida ya fara aikin. Ya karɓe babbar wayar matarsa Suwaiba, don tana tura duk abin da aka turo mata, ya ba ta ƙarama mai tocila.

A makaranta kuwa ya buɗe wa 'yan ajinsa zaure a WhatsApp, yawancinsu da wayoyin iyayensu. Jefi-jefi sai ya haɗa labarin ƙarya ya saki, ya ga wa zai rufta. Wata rana ya saki muryar wani yana ihu wai 'yan bindiga sun shiga Mada. Safiya, ɗalibar da kakarta ke Mada, ta tura wa dangi. Washegari ya sa ta durƙusa gaban allo.

"Wa ya faɗa, Safiya?"

"Ban sani ba, Malam."

"An sace kakar taki?"

"A'a, Malam."

"To yi mata kukan da kika yi jiya, aji ya ji."

Aji ya yi dariya. Daga ranar ba wanda ya ƙara kai Safiya ƙwarewa a wannan darasi.

Da hutun tsakiyar zango aka gayyace shi Tsafe ya koyar da wasu malamai. Ya gaya wa Suwaiba kada ta dame shi da kira, yana cikin manya. Tsakanin Gusau da Tsafe 'yan bindiga suka tare motarsu, suka kora su daji.

Suka ce ya kira danginsa. Wayar Suwaiba ba caji, sabis kuma yana zuwa yana ɗaukewa. Sai ya naɗi murya ya tura zauren da ke saman wayarsa.

"Yara, ni ne Malam Mas'udu. Wallahi an kama ni, ina daji. Ku gaya wa Suwaiba da wana Labbo su nemi mutanen nan, in ba haka ba kashe ni za su yi. Don Allah ku yi sauri."

'Yan ajin suka taru a gindin wata bishiya, suka saurara.

"Wallahi muryar Malam ce," in ji Jibo, shugaban aji.

"Murya shaida ce?" in ji Safiya. "Ya faɗi inda yake?"

"Ya ce daji."

"Wane dajin? Akwai kuka?"

"Akwai."

"Ya ce a yi sauri?"

"Ya ce."

"To kai ka kai saƙon, in an dawo ka durƙusa."

Jibo ya sake kunnawa, ya girgiza kai. "Amma wanga karon Malam ya iya kukan."

Suka rubuta masa amsa cikin ladabi: Malam, mun tantance, ƙarya ne. Wani ya ƙara da hoton dariya. Alama ta nuna an karanta.

Sai da aka dawo daga hutu Suwaiba ta zo makaranta tana tambaya ko bitar ba ta ƙare ba. A lokacin wayarsa ta daina shiga, kuma ba ta sake shiga ba.

A ƙarshen zango malamin lissafi ya raba musu tambayoyin jarrabawar da Malam Mas'udu ya bari. Ba wanda ya faɗi darasin.