Neman Gurasar Guzuri a Bici

Daga Tofa

Kafin assalatu muka ɗora wa jaki buhun alkama, ni da ɗana Audu. Saura kwana ashirin ayarin Makka ya tashi da Audu a ƙasa, ni kuwa gurasata kwana uku take yi ta yi fumfuna. Fatake sun ce akwai wata tsohuwa a Bici, Iya Zaituna, mai gasa irin wadda Larabawa suke ratsa hamada da ita. Na ce sai na gani da idona.

Dawakin Tofa

Da hantsi muka iso. Mai tsaron ƙofa ya taɓa buhun ya ce, "Inna, alkama ai Kano ake kai ta."

Na ce, "Koyon gurasa za ni."

Ya dubi furfurata, ya yi dariya, ya ba mu hanya. Muka sha fura a gindin tsamiya, muka bi ta cikin gonakin dawa har magariba. A gidan wani maƙeri muka sauka, aka ba mu tuwo da miyar kuka.

Bici

Washegari da azahar muka sami Iya a bakin tanderu. Ta miƙo mini wata aba siririya, duk huji. Na gatsa, ta yi ƙaras, har haƙorina ya amsa.

"Wannan tun kaka take," in ji ta.

Shekara ashirin ta yi tana girki a gidan wani Balaraben Gadamas a Kano. Ta ce kakannin Larabawan ne suka lura danshi ke kashe gurasa, sai suka daina sa mata tsami, suka riƙa murza ta siririya, su huda da tsinke, su gasa sau biyu.

Na ce, "To, Iya, yaya ake cin wannan dutsen?"

"Maigidana Balaraben nan da dabino yake ci. Masu raƙuma su jiƙa a nono. Ni romo nake so, jikokina kuwa garin ƙuli da yaji."

Kwana uku ina ƙonawa. A na huɗu ta karya tawa kusa da kunnenta, ta saurara. Sai ta dubi Audu ta ce, "Tafi, ɗan nan. Hannun uwarka zai raka ka har Makka."

Komawa

Ranar Alhamis da la'asar muka shigo Tofa. Na gasa jaka biyu, maƙwabta na zuwa ɗanɗanawa, wata da zuma, wani da man shanu. Ranar tashi Audu ya buɗe jaka, ya karya guda, ya ba ni rabi, muka ci a tsaye a ƙofar gida.

Godiya ta tabbata ga Allah da Ya kai mu Ya dawo da mu. Iya Zaituna kuwa, Allah Ya saka mata da alheri.