Motar Zayyanu, Inda Ba a Katse Waƙa

Duk wanda ya taɓa hawa farar bas ɗin nan, kwasta, da ke kwasar ma'aikatan kamfanin kwali daga unguwar Al-Jaradiya zuwa Birnin Masana'antu na Biyu, a can ƙasar waje inda suke ci-rani, ya san Zayyanu direba, ya kuma san dokarsa. Doka ɗaya ce tal: abin da aka kunna a motar nan sai ya kai ƙarshe. Da safe karatun Alƙur'ani ne, babu gardama. Da yamma kuwa, in an taso daga aiki, layi ake bi, kowa da ranarsa, ya haɗa wayarsa da sifikar mota ya sa abin da ransa ke so. Ko wa'azi ne, ko waƙar Sudan, ko ta 'yan Bangaladash mai sa mutum kewar garin da bai taɓa zuwa ba, kowa sai ya sha ta har ƙarshe. Ka ce a canza? Zayyanu zai dube ka ta madubi ya girgiza kai, shari'a ta ƙare.

Mutumin Ƙauran Namoda ne, dogo siriri, furfura ta fara leƙowa a gemunsa. Kuma mai in'ina ne, in'ina ba ta wasa ba. Tun yana ƙarami mutane ke ƙarasa masa magana. A aike shi sayen mai, kafin kalmar ta fito mai shago ya gaji ya ƙulla masa gishiri. Da ya shiga tasha aka ga ba zai iya kiran fasinja ba, sai ubangidansa ya ce to zo nan ka koyi sitiyari, shi ba ya buƙatar baki. Haka ya zama direba, direban da ko kofin shayi ka ajiye a gabansa ba zai zube ba.

Matarsa Huseina tana can Ƙaura da yara. In ka tambaye shi me ya gani a wurinta, sai ya yi murmushi ya ce ranar da ya fara zuwa zance ta tsaya cik har ya gama sallama da kansa. Har gobe in ya tura mata saƙon murya, mai tsawo kamar huɗuba, ba ta taɓa danna abin nan mai sa murya gudu ba. To ka ji tushen dokar mota. Mutumin da aka yi ta katse wa magana tun yarinta ya ɗau alkawari shi ba zai katse ta kowa ba, ko da ta cikin waya ce.

A kujerar gaba Malam Inuwa ke zama, mai kula da sito, dattijon motar. Yana son Zayyanu tsakani da Allah, kuma don son ne ma yake ƙarasa masa magana, ko da yake rabin abin da yake ƙarasawar ba shi Zayyanu ke nufi ba. Shi dattijon ba ya sauraron kiɗa ko kaɗan. Da an kunna sai ya zaro abin toshe kunne na masana'anta ya cusa, ya ja carbinsa.

Can kujerar baya kuwa Bachir ne, ɗan Damagaram mai tuƙa injin ɗaga kaya. Ɗakinsu ɗaya da Zayyanu, tukunyarsu ɗaya, Yaya yake ce masa. Shiru-shiru ne, sai dai duk Juma'a bayan masallaci yakan saɓa jitarsa ta lantarki ya nufi wata istiraha, irin gidajen hutun nan da ake haya a bayan gari, inda shi da wani makaɗin ganga ɗan Filifin da wani Basudane suke abin da suke. Ba wanda ya damu ya tambaya. Sai wata Alhamis, ranarsa ta sifika, ya ce a hankali sun fitar da kundin waƙoƙinsu, kiɗan rok ne, mai ƙarar jita da ganga, in an yarda zai sa.

Wayyo! Abin da ya fito daga sifikar nan, sai wanda ya ji. Da farko ƙarar injin yanka kwali ce, wadda suka yini suna ji suka baro. Sai ƙarar da injin Bachir ke yi in yana ja da baya. Sai jita ta shigo tana kuka kamar ana jan ƙofar ƙarfe a kan siminti. Ba baiti, ba amshi, ba inda mutum zai kama ya gyaɗa kai.

Lado, Bakano mai aikin injin yanka, wanda bakinsa ba ya hutu, ya dafe kai.

"Haba Bachir! Mun gudo daga aiki ka biyo mu da shi a waya? Wannan ai ba kiɗa ba ne, gareji ne ya kama da wuta!"

Mota ta kwashe da dariya. Amma wani ɗan Bangaladash ya ɗaga hannu ya ce a yi shiru, shi yana jin wani abu a ciki. Wani Basudane ya ce wallahi wannan ne karo na farko da ya ji ƙarar masana'anta ta ba shi tausayi. Kafin a kai gadar da ake juyawa, mota ta rabu biyu. Wasu na cewa ɓata lantarki ne, wasu na cewa sai an sake ji. Mako ya zagayo ana musu a wurin cin abinci, a layin alwala, har a ɗakin aski. Akwai wanda ya tsani kundin amma ya fi kowa sanin inda ganga ke shigowa. Zayyanu dai bai ce yana so ba, bai ce ba ya so ba. Duk Alhamis a ci gaba daga inda aka tsaya, shi kuma yana tuƙinsa.

Saura waƙa ɗaya, ta ƙarshe, sai Lado ya kasa haƙuri ya leƙa ta a wayarsa. Bai yi nisa ba ya kashe, ya zo wurin Malam Inuwa ransa a ɓace. Waƙar ta fara da hucin ƙofar kwasta. Sannan jita ta soma, ta sarƙe, ta koma, ta sake sarƙewa. Duk wanda ya taɓa jin Zayyanu yana cewa "mu-mu-mu-mu tafi" da safe ba ya buƙatar a faɗa masa wa ake kwaikwayo.

Ran dattijon ya ɓaci ƙwarai. Ya tara 'yan ɗaki ya ce wa Bachir, mutumin da ya raba tukunya da kai, ya yi jinyarka lokacin da zazzaɓi ya kayar da kai, shi za ka mayar abin dariya a duniya? Ya yanke cewa Bachir ya nemi wani ɗakin da wata motar, kuma ranar Alhamis ba za a sa waƙar nan ba.

Maganar ta soki Zayyanu, kada ma a ɓoye. Ya saba da dariyar baƙi, amma ta ɗan ɗaki daban ce. Kwana biyu abinci bai yi masa daɗi ba. Bachir ya same shi yana duba tayoyi ya ce, "Yaya, bari in yi maka bayani." Zayyanu ya ɗaga masa hannu. Ya daɗe yana kokawa da kalmar kafin ta fito.

"A-a-alhamis."

Ranar Alhamis mota ta cika, ba mai tari. Malam Inuwa ya juyo ya ce, "Zayyanu, yau kam ka karya dokar nan, ba wanda zai ga laifinka." Zayyanu ya dubi Bachir ta madubi ya gyaɗa masa kai. Ƙofa ta yi huci a sifika. Jita ta soma sarƙewa.

Kai, abin ya yi nauyi. Ta yunƙura ta tsaya, ta yunƙura ta tsaya, ganga na jiranta ba ta shigo ba. Muryar Zayyanu ce sak, a gaban mutanen da yake gaisawa da su kullum. Lado ya yi tsaki ya ce a kashe. Maɓallin yana nan dab da gwiwar Zayyanu, hannunsa har ya sauka daga sitiyari ya nufe shi. Sai ya mayar da shi, ya riƙe sitiyarin da hannu biyu, ya zuba wa titi ido.

Ana shiga Al-Jaradiya jitar ta yi wani dogon shiru. Sannan ta saki. Ta miƙe sumul, ba gargada, ta ɗauki wani kari mai taushi wanda ba na rok ba ne, ba na Filifin ba, ba na Sudan ba. Nan take Zayyanu ya gane shi. Karin waƙar da mahaifiyarsa, Allah ya jiƙanta, take yi ne in tana niƙa. Shi yake rerawa ranar Juma'a da hantsi in yana wanke mota a bayan gida, don in yana waƙa in'ina ba ta zuwa, kuma ya ɗauka ba mai jinsa. Ashe Bachir na saman bene yana shanya.

Ya faka a inda ya saba. Ba wanda ya tashi har sautin ƙarshe ya mutu. Zayyanu ya juyo, idonsa ya kaɗa, ya buɗe baki.

"Ba-ba-bachir, ka-ka-ka..."

Malam Inuwa ya karɓe, kamar kullum. "Cewa yake ka ci amana, amma ya yafe..."

"Baba," in ji Bachir daga baya, "don Allah a bar shi ya ƙarasa."

Dattijon ya yi turus. Aka jira. An jima ana jira, ba wanda ya duba waya.

"Ka-ka yi kuskure," in ji Zayyanu. "A ƙa-ƙarshe. Inna ba ta ha-hawa sama a wurin. Sauka take."

Sai ya rera musu wurin, yadda take yi. Mutanen da suka yi shekaru suna hawa motarsa ba su taɓa jin muryarsa ta tafi a miƙe haka ba, mai zurfi, ba ko tuntuɓe ɗaya. Bachir ya kifa kai a bayan kujera yana share fuska. Malam Inuwa na riƙe da abin toshe kunnensa a tafin hannu, bai sa ba.

Lado dai har yau yana nan a kan bakansa, ya ce kundin hayaniya ne, waƙa ɗaya ce a ciki, ita ma ta Zayyanu ce. Musu bai mutu ba. Bachir bai bar ɗakin ba, Juma'ar da ta biyo ma tare suka tafi istiraha a gyara ƙarshen.

Washegarin gyaran, da safe, kowa ya zauna, Zayyanu ya rufe ƙofa ya soma, "Mu-mu-mu..." Malam Inuwa ya buɗe baki, sai ya rufe, ya ci gaba da jan carbinsa har direba ya ce tafi da kansa.