Maƙoƙon Hadijatu Mai Gishiri

Hadijatu ɗiyar ƙauyen Tumbutu ce, amma duk Malanbil da Mai Gishiri anka san ta. Shekara ashirin da biyu tana rumfa guda a babbar kasuwa, daura da masu albasa, tana saida gishirin Foga da 'yan Gaya ke ƙetarowa da shi. Da sana'ar nan ta yi jinyar mijinta har Allah ya karɓi abinsa, da ita ta aurar da ɗiyarta tilo, Samiha.

Maƙoƙo ya fito mata tun haihuwar fari, ba ta kuwa damu ba. Uwarta ta tsufa da nata, kuma a garinsu in mata goma sun taru bakin rijiya, ba a rasa ukku masu shi. Bara ne abin ya juya. Tuwo ya daina wucewa sai da ruwa. In ta kwanta rigingine numfashi ya sarƙe. Muryar da take kiran masu saye ta dishe. Ta sha sassaƙe, an yi mata tsaga, wuya sai ƙara cika yake.

Ranar da ta raka Samiha awon ciki, ungozomar asibiti, Ramatu, ta shafa wuyan yarinyar, ta juyo wurin Hadijatu.

"Inna, ita ma ya soma mata. Wane ruwa kuke sha?"

"Na rijiya. In mun tahi gida, na kogi. Ruwa ai ruwa ne."

Ramatu ta ce ba duka ɗaya ba. Akwai wani sinadari, iyod, da jiki ke samu ta ruwa da abincin da ƙasa ta ba da, akwai kuma seleniyom mai taimakon ƙwayar wuya ta yi aiki da shi. Inda sunka ƙaranta, ƙwayar sai ta yi ta kumbura.

"Ga mai ciki yana iya taɓa ƙwaƙwalwar jariri. Shi ya sa ake zuba iyod cikin gishiri. Da wane kuke miya?"

Hadijatu ta kwance bakin zane ta miƙa nata. Ramatu ta ɗiga wani ruwan gwaji bisa gishirin leda mai iyod, nan take ya yi shuɗi. Ta ɗiga bisa na Hadijatu. Yana nan yadda yake.

"Ƙara ɗigawa," in ji Hadijatu.

Sau ukku ana ɗigawa, bai yi shuɗi ba.

"Kenan da hannuna na ciyar da ita wannan?"

"Ba ki sani ba, Inna."

Ta koma rumfa, amma ciniki ya gagare ta. Duk mai cikin da ta tsaya, sai ta riƙe mata hannu ta ce ta tahi ta sayi na leda. Maƙwabtanta sunka ce ta taɓu. Kafin wata biyu ta saida ragowar buhunanta ga makiyayan garin Gene, ta ɗaure kuɗin don aikin wuyanta, wanda anka ce sai Paraku ake yin shi.

Samiha ta haihi namiji, anka sa masa Karimu. Ba ya kuka. Barci yake yi ta yi, nono ma sai an tashe shi. Mata na yaba haƙurinsa, Hadijatu kuwa ta ɗauke shi ta kai asibiti. Ramatu ta duba shi ta ce a gwada jininsa, kada a wuce sati.

Sunka hau mota zuwa Paraku su ukku. Abin da ta ɗaure bai isa mutum biyu ba, ba ta ko tsaya shawara ba, ta kashe shi bisa yaron. Likita ya rubuta wa yaron ƙwaya guda kowace sahiya, a niƙa a ba shi da nono. Da ta tambaye shi ko zai yi wayo kamar sauran yara, ya ce an dai zo da wuri, saura sai a jira. Sannan ya dubi wuyanta ya ce ita kuma kada ta bari damina ta wuce ba a yi mata aikin ba.

Yanzu a zaune take barci, ta jingina da bango. An yi ruwan shuka, gero har ya kai gwiwa. Jiya Samiha ta ji numfashinta yana fito daga tsakar gida, ta shigo a guje.

"Inna, yaushe za mu koma?"

Hadijatu ta daɗe kafin iska ta ishe ta magana.

"Kin ba shi maganinsa?" ta ce.